Dokar Ajin Ƙamus

A wani otal mai hawa uku da ke bayan tashar mota akwai mai kula da sito da kowa ke kira Ƙamus. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa har sunan ya gaji ya bi shi. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da makullan sito, yana ba da sabulu da tawul da ƙwan lantarki, kuma duk wanda ya je karɓar sabulu sai an haɗa masa da labarin yadda Turanci ya zauna wa Ƙamus a baki tun yana goye. In ka ce masa ina kwana, ya ce maka "yes". In ka ce masa famfon hawa na biyu ya fashe, ya gyara tsayuwa ya ce "very good".

Gaskiyar maganar kuwa, wadda shi kaɗai yake zaton ya sani, ita ce wani baƙo ya taɓa mantawa da littafin koyon Turanci a bayan gado. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya yi ta ɗiga a kansa har ya cinye gaba ya cinye baya, shafi huɗu kacal suka tsira. Darasi ɗaya ne a cikinsu: yadda ake faɗin abin da mutum yake cikin yi yanzu-yanzu, inda ake maƙala wa aikin wutsiyar "ing". Ina zaune, "I am sitting". Yana cin abinci, "he is eating". Ayyuka goma sha biyu ne cif, kowanne da hotonsa. Ƙamus ya shanya shafukan, ya haddace su, ya ɓoye su ƙarƙashin kwalin sabulu.

Ranar da manaja ya tara ma'aikata ya ce mai otal tana so kowa ya iya Turanci saboda baƙi na waje sun fara yawa, kuma ana neman malami, Ƙamus bai bari ya rufe baki ba.

"Yallaɓai, ana neman malami ina cikin gidan nan? Ai wannan cin fuska ne."

"Ka taɓa koyarwa?"

"Koyarwa ce ba ta taɓa samuna ba. Ka ba ni mako uku."

Manaja mutum ne mai son abin da zai rage masa zirga-zirga. Ya ce to, mako uku, sannan mai otal za ta zo da wata malama daga makarantar koyon harsuna a gwada ajin. In an ci, kujerar malami ta Ƙamus ce dindindin, kuma duk wanda sunansa ke cikin jerin ɗalibai zai sami takardar shaida da sabon yunifom. Wanda aka soke sunansa kuwa a mayar da shi bayan gida wajen wankin kwandunan shara.

Ko la'asar ba a yi ba Ƙamus ya rubuta takardar ajiye aikin sito, ya sa hannu har sau biyu, ya danƙa makullan a hannun tsohon direban otal da ya daɗe yana neman aikin zama. Matarsa, wadda ke wanki da guga a otal ɗin, ta same shi yana kwashe kofinsa da silifas ɗinsa daga sito.

"Baban yara, ka bari a ba ka kujerar tukuna mana, sannan ka saki makullan."

"Kin taɓa ganin malami yana ƙirga tawul?"

"Na dai taɓa ganin mai yara huɗu ba shi da aiki."

"Ke dai ki zo aji ki zauna a baya. Zan bi da ke a hankali, tunda na san kan ba ɗaya ba."

Ta dube shi, ta ɗauki kwandon zannuwan gado, ta wuce.

An buɗe aji a zauren cin abinci bayan an kwashe kwanukan rana. Ɗalibai bakwai ne: Baba mai gadi, mai gyaran famfo, mai kai wa baƙi abinci, mai goge ƙasa, mai gyaran ɗakuna, matar Ƙamus, sai kuku, wanda ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ƙato mai gashin baki, wanda tun ranar da aka ɗaura auren yayarsa bai bar mijinta ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba.

Ƙamus ya buga alli a jikin allo ya ce, "Doka ɗaya ce a ajina. Ba a motsi sai an faɗa da Turanci. Za ka zauna, ka faɗa kana zama. Za ka tashi, ka faɗa kana tashi. Abin da bakinka bai iya ba, jikinka ba zai yi ba. Wanda ya karya, na soke sunansa."

Kuku ya ɗaga hannu. "Mijin yaya, numfashi fa?"

"A nan Malam nake."

"Malam mijin yaya, numfashi fa? Mu riƙe har a koya mana?"

"Numfashi na yafe."

"Allah ya saka da alheri."

Ranar farko sun zauna sun tashi ya fi sau arba'in, suna rera "I am sitting, I am standing", har gwiwar Baba mai gadi ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Can Baba ya fara mutsu-mutsu, ido ya kawo ruwa.

"Malam, bayana ke ƙaiƙayi. Yaya ake cewa ina susa?"

Babu susa a shafi huɗun nan. Ƙamus ya ɗaure fuska. "Susa darasin manya ne, Baba. Ba a tsallake."

Haka dattijon nan ya zauna yana goga bayansa a jikin kujera a sace, yana kallon silin kamar ba shi ba.

A mako na biyu Ƙamus ya ga abin yana tafiya, sai ya ce aji ba ya tashi, dokar ta bi kowa har wurin aikinsa. Ya rataya jerin sunaye a wuya da igiya, ya saƙala biro a kunne, ya shiga zagaye otal yana laɓewa a bayan ƙofofi.

Baba mai gadi ya iya "I am opening", don haka duk motar da ta zo sai ya wangale ƙofa yana shela. Da ya tambayi yadda ake cewa ina rufewa, aka ce masa rufewa sai mako mai zuwa. To Baba ba mai son wankin kwandon shara ba ne da tsufansa. Ya bar ƙofa a buɗe tun safe. Kafin azahar karnuka biyu sun shigo sun kwanta a inuwar motar manaja, wani mai tallan bokitai kuma ya baje kayansa a bakin matakala yana ciniki da baƙi.

Mai gyaran famfo aka kira ɗaki na tara, ruwa na tsiyaya daga bango. Ya tsaya da sifana a hannu, ya laluba duk abin da aka koya masa, bai sami ɗauri ba, bai sami gyara ba. Sai ya harɗe hannu ya ce wa baƙon da ke tsaye a kan gado da takalmansa a hannu, "I am looking." Haka ya yi ta kallon har ruwa ya fito baranda.

Mai kai abinci kuwa ƙwazo ne ya yi masa yawa. Ya ajiye wa wani baƙo shinkafa, ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙame. Baƙo ya kai cokali baki, ya ce masa, "You are eating." Baƙo ya yi murmushi ya ɗaga kofi. "You are drinking." Baƙo ya ajiye kofi ya waiwaya. "You are looking." A loma ta biyar bawan Allah ya ɗauki farantinsa ya haye ɗaki ya murza makulli. Bai tsira ba, don da ya kishingiɗa bayan cin abinci sai mai gyaran ɗakuna ta ƙwanƙwasa, ta leƙa ta taga, ta sanar da shi cikin ladabi cewa yana barci.

Manaja ya kira Ƙamus ofis. "Baƙo uku sun tafi a kwana biyu. Me ke faruwa?"

"Yallaɓai, kishi ne. Sun zo suna zaton su kaɗai suka iya yarensu, sai suka tarar mai gadi ma yana yi."

"Ƙofa fa?"

"Tana cikin manhaja."

Shinkafar kuku ce kaɗai ba ta taɓa ƙonewa ba, don shi da Ƙamus ya leƙo kicin sai ya ɗaga ludayi ya fara rausaya yana cewa "I am dancing", yana juya tukunya da sunan rawa. Matar Ƙamus kuwa ba a taɓa kama ta ba. Ɗakin guga yana can ƙarshen baranda, rediyonta na kunne kullum a tashar da ake labarai da Turanci, kuma in ya doso sai ya ji tana magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗauka bitar darasinsa take yi, har ya ji tausayinta.

Ana saura kwana uku gwaji ya ƙirƙiro wata dabara. Suna zaune a aji sai ya daka tsawa da Hausa: "Ku tashi, gobara!" Mai gyaran famfo da mai gyaran ɗakuna suka zabura suka yi ƙofa. Ƙamus ya zare biro daga kunne ya ja layi a kan sunayensu. Sai da suka yi ta roƙo, Baba mai gadi ya sa baki, sannan ya mayar da su.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Ranar gwaji ko ni na ce ku motsa, in dai da Hausa na faɗa, tarko ne. Ko kuka nake yi, ko birgima nake yi. Wanda ya motsa ya tafi kwandon shara."

Kuku ya ce, "Ko kuka kake yi?"

"Ko kuka nake yi."

"To a shaida," in ji kuku, yana shafa gashin baki.

Ranar gwaji Ƙamus ya shiga ɗakin da ake ajiye kayan da baƙi suka manta, ya zaɓo kwat da wando na wani mutum da ya ninka shi biyu, ya ɗaure ƙugun da igiyar labule. Ya sa aka rubuta masa barka da zuwa a wani dogon ƙyalle, ya ce kada a rataya, shi zai rataya da kansa a gaban baƙi, domin a cikin ayyukansa goma sha biyu akwai hawa, kuma shi ya ajiye don rufe taro. Mai goge ƙasa ta zo da wuri ta zuba ruwan sabulu a tayil ɗin zauren, tana sauri ta gama kafin a gan ta. Tana tsakiyar aiki ya shigo da biro a kunne. Ba ta san yadda ake cewa ina gogewa ba, sai ta jingine sandar ta koma kujerarta ta ce, "I am sitting."

"Very good," in ji Ƙamus.

Mai otal ta iso, mace mai jiki da ƙaramar murya, tare da malamar gwaji mai tabarau da littafin rubutu. Manaja ya zaunar da su a gaba. Sauran ma'aikata da 'yan baƙin da suka rage suka cika bakin ƙofa, har da mai tallan bokitai.

Abin mamaki, farkon ya yi kyau. Suka zauna, suka tashi, suka ci, suka sha, suka yi barcin ƙarya, kowa na faɗin abin da yake yi da abin da na kusa da shi ke yi. Malamar gwaji tana gyaɗa kai tana rubutu. Ƙamus ya ji kansa ya yi girma har kwat ɗin ta kusa yi masa daidai. Ya jawo tsani ya jingina da ƙarfen da ya ratsa saman zauren, inda ake rataya manyan labulaye, ya saɓa ƙyallen a kafaɗa.

"I am climbing," ya ce a mataki na farko.

"He is climbing," aji ya amsa.

Ya maimaita a na biyu, a na biyar, a na tara, murya na ƙara kauri. A na goma ya saki hannu ɗaya don ya ɗaga wa mai otal. Ƙafar tsanin da ke tsaye a ruwan sabulu ta ce ba da ita ba. Tsani ya sulale ya faɗi warwas, Ƙamus ya cafki ƙarfen labule da hannu biyu, ya rage yana lilo tsakanin silin da ƙasa, ƙafafu na harbin iska.

Ɗalibai suka dubi juna. Mai kai abinci ya duba ƙafafun nan da kyau, ya auna su da abin da ya sani, ya ce, "He is dancing."

"He is dancing," aji ya amsa baki ɗaya.

Malamar gwaji ta yi ɗan tafi. Ta raɗa wa mai otal cewa ta daɗe ba ta ga malami mai sadaukar da kai irin wannan ba. Manaja da ya fara miƙewa ya koma ya zauna.

"Ku kawo tsani," in ji Ƙamus ƙasa-ƙasa, yana ƙoƙarin murmushi.

"He is talking."

"Ku kawo tsani na ce. Ba wasa nake ba."

Mai gyaran famfo ya ɗaga ɗuwawu daga kujera, mai gyaran ɗakuna ta janyo rigarsa. "Ka manta gobara?" Ya koma ya zauna, ya ƙara da "I am sitting" don kada a samu matsala.

"Baba, kai ne babba, ka ji tsoron Allah."

Baba mai gadi ya sunkuyar da kai. "Malam, ka yi haƙuri, da Hausa ka faɗa."

Kuku ya miƙe, bayan ya sanar cewa yana miƙewa, ya tako har ƙarƙashinsa, bayan ya sanar cewa yana tafiya, ya ɗaga kai. "Malam mijin yaya, abu mai sauƙi. Faɗa mana yadda ake cewa ina ɗauko tsani, yanzu in ɗauko."

"Darasin gaba ne."

"To mu jira darasin gaba."

"Zan kashe ka in na sauko."

"Wannan ma da Hausa ka faɗa."

A nan ne igiyar ƙugu ta gaji. Wandon mutumin da ya ninka shi biyu ya zame a hankali ya taru a idon sawu, ya tsaya a kan takalma. Sai ga gajeren wando mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Mai otal ta gyara zama ta ƙura ido.

"Manaja, wannan ba tsohon labulen ɗaki na takwas ba ne, da aka ce mini ɓera ya cinye?"

Manaja ya ce bai zo da tabaraunsa ba. Bakin ƙofa kuwa dariya ta riga ta ɓarke, mai tallan bokitai har da zama a ƙasa. Hannuwan Ƙamus suka fara zamewa, zufa na shiga masa ido, tsoro ya kama shi na gaske, don ya leƙa ƙasa ya ga nisan tayil. Hawaye suka zubo.

"He is crying," in ji aji, cikin tausayi amma a tare.

"Ban sani ba!" Ƙamus ya fashe. "Ban san sunan tsani da Turanci ba. Ban san rufewa ba, ban san susa ba. Shafi huɗu ne, suna ƙarƙashin kwalin sabulu, ku je ku duba. Ku sauke ni don girman Allah, ina da yara."

Malamar gwaji ta daina rubutu. Ta nemi manaja ya fassara mata, shi kuma ya rasa ta inda zai fara.

Daga kujerar baya matar Ƙamus ta tashi. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma karya doka ba. "I am bringing the ladder," ta ce, ta ɗaga tsanin. Ta ce tana goge ƙasa, da Turanci, ta goge da ƙyallen barka da zuwa. Ta ce tana riƙe da tsanin, ta ce mijinta yana saukowa a hankali, ta ce yana jan wandonsa, duk da Turanci mai santsi irin na rediyo. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ta koma Hausa, ta ce masa a kunne, "Ɗaure igiyar, baban yara, ana kallo."

Malamar gwaji ta kira ta. Suka yi ta magana kusan minti goma, tambaya da amsa, har da dariya, Ƙamus na tsaye riƙe da ƙugu bai tsinci ko kalma biyar ba. Ashe shekara tara ke nan matarsa tana guga da rediyo a kunne, tana karanta takardun da ke jikin rigunan baƙi, tana amsa musu in sun kawo wanki.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?" ya tambaye ta da suka fito baranda.

"Yaushe ka yi shiru da zan faɗa?"

Mai otal ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ajin ya ci, kowa zai sami takardarsa, kujerar malami kuma ta mai guga ce daga ranar Litinin. Ƙamus ya lallaɓa wajen tsohon direba ko zai dawo masa da makullan sito. Direba ya tura su can cikin aljihu ya ce shi bayansa ya riga ya saba da kujerar. Ƙamus ya je wajen manaja, manaja ya buɗe durowa ya nuna masa takardar ajiye aiki mai sa hannu biyu.

Matarsa ce ta shiga wajen mai otal ta roƙa. Ta ce ranki ya daɗe, yara huɗu ne, kuma gaskiya ɗalibai sun fi gane darasi in suna ganin mutum yana aikatawa, a bar mata shi ya riƙa nuna misali. Mai otal ta ce ta amince, amma a cire labulen ɗaki na takwas daga cikin kayan aiki.

Ranar Litinin aka buɗe sabon aji. Malama ta tsaya gaban allo ta ce ita ma doka ɗaya gare ta: kowa ya motsa yadda ya ga dama, ya yi susa in yana so, amma mai nuna misali ba ya magana. Ta nuna wa Ƙamus kujera, ya zauna, aji ya faɗa. Ta nuna masa tsintsiya, ya yi shara, ta koya musu sunan shara. Ta sa ya buɗe taga ya rufe har sau shida saboda Baba mai gadi. Kuku ya ɗaga hannu ya ce yaya, yaushe za a maimaita darasin tsani, ta ce ya kiyaye ta.

Wajen ƙarshen darasi Ƙamus ya ga kamar mai gyaran famfo bai ja wutsiyar "ing" yadda ya kamata ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki.

Malama ta dube shi daga gaban allo, kallo ɗaya.

Ya mayar da bakin a hankali. Baba mai gadi, wanda ya yi mako biyu yana jiran kalmar nan, ya miƙe da murnarsa ya nuna shi da sanda.

"He is closing."